1966: Shekarar da Afirka Ta Ce A Kai Kasuwa

A ranar 23 ga watan Yuli na 1966, a filin Goodison Park da ke birnin Liverpool, Koriya ta Arewa ta zura wa Fotugal ƙwallo uku cikin minti 25 na farko. Wasan daf da na kusa da na ƙarshe ne a gasar cin kofin duniya, kuma kwana huɗu kafin nan 'yan Koriyar suka kora Italiya gida da ci ɗaya mai ban haushi. Ana cikin haka wani saurayi ɗan shekara 24 ya ɗauki wasan ya aza a kansa. Ya ci huɗu shi kaɗai, biyu daga ciki a bugun fenareti, aka tashi 5 da 3. Sunansa Eusébio, an haife shi a unguwar Mafalala ta birnin da yau ake kira Maputo, a ƙasar Mozambik. Shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ta wannan shekara, guda tara.

Abin da ba kasafai ake faɗa ba idan ana ba da labarin wannan wasa shi ne yadda Koriya ta Arewa ta samu zuwa Ingila. Gurbin da ta shigo da shi, shi ne guda ɗaya tilo da hukumar FIFA ta jefa wa Afirka da Asiya da yankin Ostireliya ta ce su yi kokawa a kansa. Ƙasashen Afirka 15 da suka ba da sunayensu suka duba tsarin, suka ce a kai kasuwa. Ba a taɓa yin haka ba kafin nan, ba a kuma sake ba, wato nahiya guda sukutum ta ƙaurace wa gasar cin kofin duniya.

Ƙorafin bai faro a 1966 ba. Tun 1934 Masar ta buga gasar a Italiya, inda Hangari ta doke ta da ci 4 da 2 a birnin Naples, Abdulrahman Fauzi ya ci mata duka biyun. Daga nan ƙofa ta rufe. A wancan zamani babu wanda abin ya dama, domin mafi yawan nahiyar tana hannun Turawan mulkin mallaka, ba ta da tuta balle tawaga. Amma a watan Fabrairun 1957 wakilan Masar da Sudan da Habasha da Afirka ta Kudu suka zauna a Khartum suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, suka kuma shirya gasar cin kofin nahiyar ta farko a nan take. Tun a wannan karon aka ga inda za a sha rigima. Afirka ta Kudu ta ce ko dai ta turo tawagar fararen fata zalla, ko ta baƙaƙe zalla, amma ba za ta cakuɗa su ba. Sauran ukun suka ce to ta zauna a gida. Masar ta ɗauki kofin bayan ta lallasa Habasha 4 da nema.

Zuwa gasar duniya kuwa, hanya ce mai ƙaya. A wasannin neman gurbin 1958 an haɗa Afirka da Asiya wuri guda, ƙasashe suka yi ta janyewa don kada su kara da Isra'ila, ƙarshe dai Wales, wadda tuni aka fitar da ita a Turai, ita ta tafi Suwidin da gurbin nahiyoyi biyu. Na 1962 ya fi ciwo. Ghana ta fitar da Najeriya, Maroko ta fitar da Ghana, ta zama gwanar Afirka. Maimakon a ba ta tikiti, sai aka ce ai da saura, sai ta kara da Sifaniya gida da waje. Ta sha kashi 1 da nema a Kasabalanka, 3 da 2 a Madrid. Duba ƙanƙantar ratar, sannan ka tuna cewa da yawa daga ƙasashen Turai da suka je Chile a shekarar ba su haɗu da abokin karawa mai ƙarfin Sifaniya ba.

To a watan Janairun 1964 FIFA ta fitar da rabon gurabe 16 na gasar Ingila. Turai goma, har da mai masaukin baƙi. Kudancin Amurka huɗu, har da Barazil mai riƙe da kofi. Arewaci da tsakiyar Amurka ɗaya. Saura ɗaya, na duk sauran bil'adama. Ƙasar Afirka za ta yi ta tafiye-tafiye tana kashe kuɗin jirgi da na masauki, a lokacin da hukumomin ƙwallon nahiyar jarirai ne marasa ko sisi, idan ta tsallake 'yan uwanta kuma sai ta je ta kara da gwanin Asiya. Bayan wannan duka, a cikin rukunin Asiyar aka cusa Afirka ta Kudu, don FIFA ta san babu ƙasar Afirka da za ta yarda ta taka fili ɗaya da ita.

Wannan cusawar aikin mutum ɗaya ce, Sir Stanley Rous, Baturen Ingila da ya shugabanci FIFA daga 1961 zuwa 1974. Bai kamata a mayar da shi dodo ba. Tsohon malamin makaranta ne, tsohon alƙalin wasa, shi ya sake tsara dokokin ƙwallo a 1938 ya mayar da su yadda kowa zai gane, kuma yana son wasan tsakani da Allah. Matsalarsa ita ce ya yi imani cewa babu ruwan ƙwallo da siyasa, alhali abin da yake kira rashin siyasa shi ne barin komai yadda Turawa suka tsara shi. A 1961, shekara guda bayan 'yan sanda sun bindige mutum 69 a Sharpeville, FIFA ta dakatar da Afirka ta Kudu. A farkon 1963 Rous ya je ƙasar da kansa, ya dawo ya ba da rahoton cewa hukumar ƙwallon fararen fatar ba ta da laifi, dokar gwamnatinta kawai take bi. Aka ɗage dakatarwar. Shugabannin ƙwallon Afirka ba su manta masa wannan ba, kuma za mu ga ranar da suka karɓi bashinsu.

Hujjar da ake kafawa wajen hana Afirka gurbi ita ce wai ƙwallonta bai nuna ba, idan aka kawo ta za a zubar da darajar gasar. Ni dai ban ga yadda za a ce wa mutum sai ya iya iyo sannan a bar shi ya shiga kogi ba. Kuma ko a ma'aunin nasu, hujjar ta fara tsufa. A wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964, Masar, wadda a lokacin ake kira Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Larabawa, ta ƙare a matsayi na huɗu. Ghana ta yi kunnen doki 1 da 1 da Ajantina, ta doke Japan mai masaukin baƙi 3 da 2.

A nan ya kamata mu ɗan zauna a Ghana, domin ita ce zuciyar labarin. Kwame Nkrumah ya gane abin da ƙwallo zai iya yi wa sabuwar ƙasa tun kafin takwarorinsa su farga. Sunan tawagar ma, Black Stars, yana komawa ne ga baƙin tauraron da ke tsakiyar tutar ƙasar, wanda aka aro daga kamfanin jiragen ruwa na Marcus Garvey. Ya ɗauko wani mutum mai kaifin baki da son aiki, Ohene Djan, ya naɗa shi daraktan wasanni, ya sakar masa mara. Djan ya shirya gasar lig ta ƙasa, ya tura tsohon ɗan wasa Charles Kumi Gyamfi Jamus ya ƙaro ilimi, sannan aka damƙa masa tawagar a lokacin da ake ganin koci sai farar fata. A watan Agustan 1962 Real Madrid, da su Di Stéfano da Puskás da Gento a cikinta, ta sauka a Akra, garin da Hausawa ke kira Ankara, aka tashi 3 da 3. A 1963 Ghana ta ɗauki kofin Afirka a gida bayan ta ci Sudan 3 da nema. A 1965 ta je har Tunis ta doke Tunisiya 3 da 2 a ƙarin lokaci, ta riƙe kofinta. Nkrumah ne kuma ya ba da kofin gasar zakarun kulob-kulob na Afirka, wanda Oryx ta Douala a Kamaru ta fara ɗauka a Akra a farkon 1965 bayan ta doke Stade Malien ta Bamako.

Ba komai ne ya yi daɗi ba a wannan tsari. Djan ya kafa wani kulob mai suna Real Republicans, wanda kowa ya san na shugaban ƙasa ne, aka riƙa tsame gwanayen 'yan wasa daga sauran kulob ana kai masa. Magoya bayan Asante Kotoko a Kumasi, waɗanda dama ba sa ga maciji da gwamnatin Nkrumah, sun ɗauki abin a matsayin ƙwace. Cikin waɗanda aka ɗauke musu har da ɗan wasan gefe da ake ce wa sarkin masu buga gefe na Afirka ta Yamma, Osman Seidu, wanda duniya ta sani da suna mai daɗin ji a kunnen Bahaushe, Baba Yara. A watan Maris na 1963 motar Republicans ta yi haɗari a Kpeve a yankin Volta, ya samu rauni a laka. Aka kai shi asibiti a Ingila, ya dawo a keken guragu, ya rasu a 1969 yana da shekara 32. Babban filin wasa na Kumasi sunansa yake ɗauke da shi yau. Duk da rashinsa, tawagar da ta rage, da su Osei Kofi mai yankan da ake cewa kamar da tsafi yake yi, ita ce wadda ake kyautata zaton za ta wakilci Afirka da an buga.

Saboda haka da Ohene Djan ya buga wa FIFA tangaraho yana tir da rabon guraben, ya san abin da yake sa wa wuƙa. Ƙasarsa ce ta fi kowa asara idan aka ƙaurace. Shi mamba ne a kwamitin zartarwa na FIFA, kuma yana magana da ƙarfin Nkrumah a bayansa. Abokin tafiyarsa a wannan gwagwarmaya shi ne Yidnekatchew Tessema na Habasha, ɗaya daga waɗanda suka kafa CAF, tsohon ɗan wasan kulob ɗin Saint George na Addis Ababa, mutumin da ya taso a lokacin da sojojin Italiya suka mamaye ƙasarsa, ya ga wariya a filin ƙwallo da idonsa. Djan ne mai zafi, Tessema ne mai alƙalami. Ya iya harsunan Turawa, ya san dokokin FIFA ciki da bai, kuma takardunsa kan bi hujja ɗaya bayan ɗaya har mai karatu ya rasa mafita.

A watan Yulin 1964 shugabannin CAF suka zauna a Alƙahira suka yanke shawara: ko a ba Afirka gurbinta na kanta, ko babu wanda zai buga. Abin da suka nema bai taka kara ya karya ba, gurbi ɗaya ne cikin 16. FIFA ta ce an riga an gama tsari, bakin alƙalami ya bushe. Wataƙila a Zurich an zaci barazana ce kawai, za a samu wasu su zame, kamar yadda aka saba gani a siyasar nahiyar. Kada a manta, a shekarun nan Afirka a rabe take. Akwai ɓangaren su Nkrumah da Sékou Touré da Nasser masu zafin ra'ayi, akwai ɓangaren su Najeriya da Laberiya da Senegal masu bi a sannu, Aljeriya da Maroko kuwa a 1963 har yaƙi suka gwabza a kan iyaka. Amma a kan wannan batu babu wanda ya zame. Zuwa watan Oktoba duka 15 suka janye: Aljeriya, Kamaru, Habasha, Gabon, Ghana, Gini, Laberiya, Libiya, Mali, Maroko, Najeriya, Senegal, Sudan, Tunisiya da Masar. FIFA ta mayar da martani da tarar faran 5,000 na kuɗin Suwizalan.

A cikin watan na Oktoba aka yi babban taron FIFA a Tokiyo, inda wani abu ya bayyana wanda Rous bai yi lissafinsa ba. A FIFA kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, ko Barazil ce ko Gabon. A shekarar 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yancin kai, kuma kusan kowacce, bayan kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta FIFA take nema. Da ƙuri'un Afirka da Asiya da na ƙasashen gurguzu aka sake dakatar da Afirka ta Kudu a taron.

Rukunin da aka shirya wa nahiyoyi uku sai ya zama abin dariya. Afirka ta janye, an dakatar da Afirka ta Kudu, Koriya ta Kudu ita ma ta fasa bayan an mayar da wasannin Kambodiya. Ƙasa biyu suka rage. A watan Nuwamban 1965, a birnin Phnom Penh, Koriya ta Arewa ta casa Ostireliya 6 da 1, ta maimaita da 3 da 1, ta kama hanyar Ingila.

Masu son Ghana sukan ce da an buga, da Black Stars sun girgiza duniya a 1966. Ni ba na rantsuwa a kan wannan. Da sai sun wuce Masar da ta ci su 5 da 1 a Tokiyo, sannan su wuce waɗannan 'yan Koriya da suka kunyata Italiya. Ga kuma abin da ya faru a gida: a ranar 24 ga Fabrairun 1966, Nkrumah na kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, sojoji da 'yan sanda suka kifar da gwamnatinsa. Aka kori Ohene Djan, aka rushe Real Republicans, duk abin da ke da ƙanshin tsohon shugaban aka bi shi da tsintsiya, wata biyar kafin a busa usur a Wembley. Amma rashin tabbas ɗin shi ne ainihin abin da aka sadaukar. Ɗan wasa yana da 'yan shekaru ne kawai da ƙafarsa ke jin maganarsa, kuma waɗannan samari ba a tambaye su ba aka yanke hukunci a kan nasu shekarun. Sun rasa damar a gwada su, ko su ci ko a ci su.

Shi ya sa labarin Eusébio yake da ɗaci. Ba shi kaɗai ba ne. Kyaftin ɗin Fotugal, Mário Coluna, da 'yan baya biyu, Hilário da Vicente, duk a Mozambik aka haife su. Da su Fotugal ta zo ta uku a gasar, a karonta na farko. A daidai lokacin da suke sanye da rigarta, sojojin Fotugal suna yaƙi da 'yan gwagwarmayar FRELIMO a dazukan ƙasarsu ta haihuwa, yaƙin da ya ɓarke tun Satumban 1964. Gwamnatin Salazar ta ji daɗin nuna su ga duniya a matsayin shaidar cewa ita ba mulkin mallaka take yi ba, duk al'umma ɗaya ce. Wato a 1966 ɗan Afirka yana iya zama tauraron gasar cin kofin duniya, muddin ƙasarsa ba ta samu 'yanci ba. Kuma duk wanda ya kalli abin da Eusébio da 'yan Koriya suka yi a Goodison Park, da wuya ya sake buɗe baki ya ce ƙwallo a Turai da Kudancin Amurka kaɗai ake iya shi.

A 1968 FIFA ta sauko. Aka ba Afirka gurbi ɗaya nata na kanta a gasar 1970, aka ba Asiya da yankin Ostireliya nasu. Sai dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Ghana ba ta ci moriyar abin ba. Najeriya, wadda ke tsakiyar yaƙin basasa, ita ta fitar da ita a 1969. A zagayen ƙarshe aka rage Maroko da Najeriya da Sudan, Maroko ta tsira da maki biyar, Najeriya huɗu, Sudan uku. Maki ɗaya ya hana Green Eagles zuwa Meziko, sai da aka jira har 1994. Maroko kuwa ba ta ba da kunya ba. Ita ta fara cin Jamus ta Yamma kafin a farke a doke ta 2 da 1, sannan ta yi 1 da 1 da Bulgeriya, makin farko da wata ƙasar Afirka ta samu a tarihin gasar.

Bashin Rous kuma a Frankfurt aka biya shi, a watan Yunin 1974. Wani attajiri ɗan Barazil, João Havelange, ya fito neman kujerarsa. Ya zagaya ƙasashe sama da 80 yana neman ƙuri'a, wani lokaci da Pelé a gefensa, yana alkawarin ƙara yawan ƙasashen da ke buga gasar da tallafa wa masu tasowa. Tessema, wanda ya zama shugaban CAF tun 1972, ya gindaya masa sharaɗi a kan Afirka ta Kudu. Havelange ya yi nasara da ƙuri'a 68 da 52 a zagaye na biyu. A 1976 aka kori Afirka ta Kudu daga FIFA ɗungurungum, a 1982 gasar ta koma ƙasa 24, Afirka ta samu gurbi biyu. Daga nan uku a 1994, biyar a 1998, yanzu kuma tara kai tsaye a tsarin ƙasa 48 na 2026. Gaskiya dai a faɗe ta, wannan ciniki na ƙuri'a da alkawari shi ne kuma ya buɗe ƙofar irin siyasar kuɗi da ta dabaibaye FIFA daga baya, kuma wasu shugabannin ƙwallon Afirka da suka biyo baya sun koyi sayar da ƙuri'ar da su Tessema suka koya wa duniya darajarta.

Ghana ba ta taka gasar cin kofin duniya ba sai a 2006, shekara 40 cif bayan Ingila. Gyamfi ya ga ranar, domin sai a 2015 ya rasu. Djan da Tessema ba su gani ba, dukansu a 1987 suka bar duniya, wata biyar tsakaninsu. A 2004 gwamnatin Ghana ta sa wa babban filin wasa na Akra sunan Ohene Djan. Wasu daga ƙabilar Ga, masu garin, suka ce ba su yarda ba, tunda shi ba ɗan ƙasarsu ba ne, aka yi ta ja-in-ja na shekaru, ƙarshe hukumar birnin ta cire sunan daga jikin filin.